Injin Da Babu Madadinsa

Duk yammacin Asabar mukan hallara gun wani mai balangu a Agege, mu ma'abuta tsohuwar Peugeot 504, muna gardamar fulogi da baƙin mai. Duk wanda ya ce a rage masa kitse da gishiri, sai mu yi masa ca: "Malam, mota na tafiya ba mai?"

Bara hawan jini ya kwantar da gwaninmu na zolaya. Da muka je dubiya ya ce, "Duk wata uku nakan juye baƙin mai, amma shekara goma ban auna jinina ba."

Muka yi tsit. Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 kullum, kuma ba a sayar da madadinta a kasuwar Ladipo. Har yau muna haɗuwa, sai dai kitsen kan takarda muke barinsa.