Hanyar da jirgin ƙasa ya bari

Bara aka tura ni kwas na mako uku a Amurka, na sauka gidan wani ɗan yayata a Herndon, jihar Virginia. Kafin in tafi likita ya ce hawan jinina ya fara yawa, in riƙa tafiya a ƙafa minti talatin kullum. Na ce to, na manta. Kwana biyu da sauka yaron ya ce, "Kawu, sa takalmi mu je ka ga wani wuri."

Hanya ce mai kwalta, faɗinta bai kai titin unguwa ba, da layi rawaya a tsakiya, kuma mota ba ta bin ta. Sunanta W&OD. Tsawonta mil 45, kusan kilomita 72, daga Shirlington kusa da Washington har zuwa Purcellville. Da can layin dogo ne. Jirgi na ƙarshe ya bi ta a 1968, aka cire ƙarafan, aka fara shimfiɗa kwalta a Falls Church a 1974, sai a 1988 ta isa Purcellville. Shekara goma sha huɗu ana yi kaɗan-kaɗan, ba a watsar ba. A Herndon tsohuwar tashar jirgin tana nan, an mai da ita gidan tarihi.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba kwaltar ba ce, tsarin ne. Kowa yana bin hannun dama. Mai keke in zai wuce ka sai ya kaɗa ƙararrawa ko ya ɗaga murya ya ce yana tafe ta hagunka. Ranar farko ban gane ba, na yi tsalle zuwa hagun, saura kaɗan wani dattijo ya kwashe ni. Shi ya fara ba ni haƙuri, ni kuma kunya ta ishe ni.

Sai karnuka. Jama'a, kun san ni da kare ba ma shiri tun wanda ya kore ni a hanyar makarantar allo. Can kuwa ko'ina kare, amma kowanne da igiya a wuya, mai shi riƙe da leda, in ya yi kashi ya duƙa ya kwashe. Wata mata ta lura ina ja da baya, ta naɗe igiyar a hannu ta koma gefe har na wuce. Daga ranar na daina canza hanya.

Mako ukun nan ban fasa fita ba. Na ga masu zuwa aiki a keke da jakar kwamfuta a baya, na ga tsofaffi da sanda, da yara masu koyon keke.

Da na dawo na ce zan ci gaba. Kwana huɗu na yi. Inda aka bari don masu tafiya a ƙasa mai shayi ya kafa tebur, gaba an faka mota, gaba kuma murfin kwata ya ɓace. Dole ka sauka titi ka yi kokawa da 'yan adaidaita. Rana ta biyar madubin wata mota ya buge ni a gwiwar hannu, mai ɗakina ta ce wallahi ba da ita ba.

Nan ne abin yake min ciwo, domin ni ma'aikaci ne, takardun aikin titi sun sha bi ta tebur ɗina. In kuɗi bai kai ba, hanyar masu ƙafa ake fara sokewa, kuma ban taɓa buɗe baki na ce a bari ba. Mu da muke sa hannu duk a mota muke. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa, masinjojinmu da ƙananan ma'aikata da yawa sun koma keke da ƙafa, a kan titin da ba a zana shi da su ba.

Mu ma muna da tsohon layi irin wannan: ƙaramin jirgin da ke ɗauko kuza daga Jos zuwa Zariya, wanda aka rufe a 1957. Ban ce a kwaikwayi Virginia gaba ɗaya ba. Ko kilomita biyar a gefen wani layi da jirgi ya daina bi, da fitilu da 'yan itatuwan dogon yaro, ni dai zan fita kullum.

Yanzu filin ƙwallon firamaren unguwarmu nake zagayawa bayan sallar asuba, zagaye goma sha biyu, kafin maigadi ya kulle ƙofa. Ku a ina kuke tafiyar taku?