Littafin Awa

Ni ba direba ba ne, mai karatu. Akawu ne ni a wani kamfanin tireloli a Kano, aikina rubuta lodi da lissafin man gas. Ran nan manaja ya kira ni, ya miƙo mini wasu littattafai masu layi-layi, ya ce daga yau kowane direba zai riƙa rubuta lokacin da ya tayar da mota, da lokacin da ya tsaya, da awa nawa ya yi barci. Masu ba mu kwangilar ɗaukar kaya ne suka ce sai an yi. Ni aka ɗora wa koya musu, don kawai an ga biro a aljihuna.

Na ɗan yi bincike don kada in ji kunya. A ƙasashen Turai, direban babbar mota in ya yi awa 4 da rabi yana tuƙi, dole ya huta minti 45, kuma akwai na'ura a jikin motar da ke rubuta komai da kanta. A Amurka ma tun 2017 na'ura ta karɓi aikin takarda a yawancin motocinsu. Mu a nan, Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988 ta daɗe tana roƙon direbobi su riƙa hutawa. To, mu dai takarda muka samu.

Muka zauna a gindin darbejiya cikin gareji. Da yawansu ba su yi boko ba, sai na ce kowa ya rubuta da ajami in ya fi masa sauƙi. Ina cikin bayani wani dattijo, wanda ya fara tuƙi tun kafin a haife ni, ya ce, "Ɗana, kwana ukun da muke yi a layi a Apapa muna jiran lodi, a wane gida za mu sa shi? Aiki ko hutu?"

Na ce, "Hutu mana, Baba, ai taya ba ta juyawa."

Kai, ka ji dariya! Ya ce in ka runtsa wani ya shige gabanka, ko a zuƙe maka mai. Kana kwance ƙarƙashin mota, sauro na cizo, kunnenka na wajen layi. Ana gama lodi kuma sai ka kama hanya, Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, wajen kilomita 1,000 na jiranka, da goro da baƙin shayi. Kuma ba da awa ake biyan su ba, da sawu ne. Wanda ya kwanta, aljihunsa ya kwantar.

Abin da nake so in faɗa, ga shi. Bayan wata biyu wani saurayin direba ya kawo littafinsa, ya rubuta gaskiya tsakani da Allah: awa 16 a kan sitiyari. Manaja ya ce masu kwangila za su zo dubawa, in gyara. Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin. Na zaunar da yaron, na nuna masa yadda ake raba awannin gida biyu a cusa barci a tsakani. Yaro ne mai kaifin basira, sau ɗaya na nuna masa.

Da damina ta faɗi, gyangyaɗi ya ɗauke shi kafin Tegina, da asuba. Shi Allah Ya yi da sauran kwana, amma yaron motarsa ya rasa ƙafa. Aka kawo mini littafin da laka a jikinsa. A shafin ranar ya riga ya rubuta barcin awa 8 a Mokwa, rubutu tsaf, ba gogewa ko ɗaya.

Manaja ya karɓa ya duba, ya ce to alhamdu lillahi, takardunmu sun cika. Ya ce in sa a fayil. Na sa.