Fankar Mai Masaukina

Sa'ad da aka aike mu koyarwar gwaji, ni Zabarmari ta faɗo mini, garin manoman shinkafa a fadamar Jere, kusa da Maiduguri. Na isa cikin watan Afrilu, lokacin da zafi yakan haura digiri 40. Mai masaukina, dattijo ne manomi, ya ga ba na iya barci, sai ya ara mini fankarsa. Ya ce tun 2021 ya saye ta, shekarar da aka rushe turakun lantarkin Maiduguri, mutane suka koma wa batir da hasken rana.

'Yar ƙarama ce. An rubuta a gindinta volt 12, wat 15, watau amp ɗaya da kwata take sha. Amma in an kunna ta, sai ta tsaya tana gurnani har a tura fiffiken da yatsa. Na ɗauka tsufa ne kawai.

Ran nan na kunna ta na kwanta, gajiya ta sa na manta da turawar. Can cikin dare ƙauri ya tashe ni. Bayanta ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa, ga jakar littattafaina jingine da ita.

Mai gyara a Maiduguri ya buɗe ta, ya nuna mini ƙurar hunturu ta cakuɗe da tsohon mai, ta riƙe sandar da ke juyawa. Sauran bayanin kuwa, abin kunya, yana cikin littafin kimiyyata. Inji in yana gudu, shi da kansa yakan haifar da wani ƙarfi mai tare wutar da ke shigowa, don haka kaɗan yake sha. In ya tsaya, matarin nan ya tafi, wuta ta kwararo cikin naɗin tagulla. Wuta kuwa in ta ninka biyu, zafi sau huɗu yake ninkawa. Ga shi kuma babu iskar da za ta fifita injin. Sai fentin da ke jikin wayar ya ƙone, wayoyi su haɗu. Ɗigon mai biyu da tsumma da sun hana wannan duka.

Sabon inji ya cinye rabin guzurina. Na kai wa dattijon, na ce, "Baba, a gafarce ni, ni na ƙona ta." Ya kunna, ta tashi ba turi. Ya daɗe yana kallonta, sa'an nan ya ce, "Malam, ashe dā ciwo take yi?" Ya sa ɗansa ya mayar da ita ɗakina.