Matafiyin Da Ya Ambaci Gobir, Yau Sunansa Na Kan Wata



Mu mutanen Zango mun saba ɗaga kai mu nemi jinjirin wata, musamman idan azumi ko sallah ta gabato, sannan mu kasa kunne mu ji sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato. Amma da zarar an ce an gani, sai mu sauke kai mu koma harkokinmu. Ba kasafai muke tambayar mene ne tabon nan da ke fuskar watan ba, balle mu san cewa ramukan da ke jikinsa suna da sunaye kamar unguwanni.

Ɗaya daga cikinsu shi ne ramin Ibn Battuta. Yana ɓangaren gabas na fuskar da ke kallonmu, a cikin wani baƙin fili da masana ke kira Mare Fecunditatis, wato Tekun Yalwa. Sunan teku ne kawai, babu ko ɗigon ruwa. Narkakken dutse ne ya malala tun zamanin da, ya daskare ya yi duhu. Ramin kansa zagayayye ne kamar akushi, faɗinsa bai wuce kilomita 12 ba. Bangonsa na ciki ya ɗan fi kewayen haske, ƙasansa kuwa shimfiɗaɗɗe ne mai duhu.

Dutse ne daga sararin samaniya ya haƙa shi. Wata ba shi da iskar da za ta tare irin waɗannan duwatsu ta ƙone su kamar yadda tamu ke yi, don haka sukan faɗo da gudun da kan kai kilomita 20 a daƙiƙa ɗaya, su tarwatsa ƙasa, su tara ta a gefe. A nan gida, inda ruwan damina ke sauka kamar da bakin ƙwarya daga duwatsun Kagoro har Zonkwa, ramin da aka haƙa bana kafin baɗi ya cike ko ya zama kududdufi. A can babu ruwa babu iska, shi ya sa rami kan yi miliyoyin shekaru yana nan yadda yake. Manyan ramuka irin Tycho, mai faɗin kilomita 85, har tsauni suke da shi a tsakiya, ga fararen zare da suka bazu daga gare shi idan wata ya cika. Na Ibn Battuta ƙarami ne, sai da madubin hangen nesa, kuma an fi ganinsa wajen kwana huɗu ko biyar da tsayuwar wata, lokacin da inuwa ke fito da bakinsa.

To wa ke raɗa sunan? Wani malamin coci ɗan Italiya, Riccioli, shi ya kafa tsarin a 1651, ya sa wa ramuka sunayen masana. Bai manta da na ƙasashen Musulmi ba, sai dai ya murɗe sunayen zuwa harshen Latin: al-Battani ya koma Albategnius, al-Zarƙali ya koma Arzachel. Yau Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya, wadda aka kafa a 1919, ita ke da wuƙa da nama, kuma ba ta sa sunan mutum sai ya shekara uku da rasuwa. A da ana kiran wannan rami Goclenius A, kamar yaron da ake kira da sunan maƙwabcinsa. A 1976 aka ba shi nasa.

Abin da ya sa wannan suna ya shafe mu shi ne, mutumin ya taka ƙasar da ke kusa da tamu. An haife shi a Tanja ta Maroko a 1304, ya bar gida a 1325. A 1353 ya sauka Takedda, cikin Nijar ta yau, ya kuma ba da labarin cewa ana kai jan ƙarfen garin zuwa Gobir da Barno. Matafiyi ne mai bin ayari, mai kwana a zango, irin fataken da suka sa garinmu ya sami sunansa. Fatake nawa suka yada zango a nan da jakuna da kanwa da goro? Su ma sun ga duniya. Bambancin kawai, shi da ya koma Fas ya zauna ya faɗa, Ibn Juzayy ya rubuta.

Ko a nan kusa muna da misali. Nok ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Jaba, amma saboda an tono mutum-mutumin yumɓu a can a 1928 aka kuma rubuta, yau sunansa na cikin littattafan tarihi a ko'ina. A duniyar Makyuri kuma akwai rami mai sunan Ben Enwonwu, mai zane ɗan Najeriya, tun 2008. Shi kuwa Muhammad al-Kashnawi, Bakatsinen masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741, har yanzu sunansa bai hau wata ba, kuma ko a gida kaɗan ne cikin ɗalibanmu suka taɓa jin sa.

Iyayenmu suna da nasu sunayen na sama: Gamzaki, Zara matar wata, Kaza da 'ya'yanta. Da su suke gane asuba da ƙaratowar damina. Yaranmu da suka tashi a Kaduna da Jos da Abuja, da yawa ba za su iya nuna ko ɗaya ba. Masu iya nunawa kuma kullum raguwa suke yi.

Don haka muna roƙon duk mai dattijo a gida ya zauna da shi da biro da takarda, ko ya naɗi muryarsa a waya. A tambaye shi sunayen taurari, da na tsofaffin unguwanni da rijiyoyi da hanyoyin fatake, har da yadda maƙwabtanmu Atyap da Bajju ke kiransu da harshensu. A turo wa sakatariya mu tara wuri ɗaya.

Allah Ya ƙara wa dattawanmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Sakataren Ƙungiya