Garin Neman Gira

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, bai bar mana dukiya mai yawa ba. Abin da muka tarar bayan rasuwarsa shi ne gida ɗaya, da gona, da akwatin littattafai, da wani tsohon babur da ke jingine a zaure an lulluɓe shi da tabarma. Da aka zo rabon gado, ni da ƙanena muka roƙa kada a sayar da babur ɗin. Aka yi masa kuɗi, ya faɗa cikin rabonmu mu biyu, aka bar shi a hannuna domin ni ne babba. Labarin abin da na yi da wannan amana shi nake so in ba ka, ya mai karatu, ko Allah ya sa ka tsinci abin amfani a ciki.

Sunan babur ɗin Triumph, samfurin da ake kira 3TA, ƙirar Ingila. An ƙera shi a wani gari wai shi Meriden, kusa da birnin Coventry. Mahaifina ya saye shi cikin 1962, sa'ad da yana malamin haraji na En'e, da shi yake zaga ƙauyuka lokacin haraji da jangali. An rushe tsarin En'e cikin 1976, masana'antar Meriden kuma aka rufe ta cikin 1983, amma babur yana nan da ransa. Da muka zuba masa mai, muka wanke fulogi, muka sa sabon batir, sai ga shi ya tashi kamar jiya aka ajiye shi. Na yi shekara uku ina hawansa zuwa ofis, bai taɓa kunyata ni ba.

Kafin in ci gaba, ya kamata in bayyana abin da ake nufi da girman inji, gama a kansa labarin yake. Ka ɗauki silinda kamar turmi, fistin kuwa kamar taɓarya mai kauri wadda ta cika bakin turmin daidai. In fistin ya yi ƙasa sai ya zuƙo iska da fetur, in ya yi sama sai ya matse su, fulogi ya ba da wuta, su fashe, su tunkuɗa shi ƙasa da ƙarfi. Yawan abin da fistin ke zuƙowa daga can sama zuwa can ƙasa shi ne girman inji. Ana auna shi da si-si, si-si dubu kuwa shi ne lita ɗaya. Saboda haka hanya biyu ce kaɗai ta ƙara wa inji girma: ko a faɗaɗa turmin, ko a tsawaita tafiyar taɓaryar.

Namu babur silinda biyu gare shi, suna tsaye gefe da gefe. Faɗin kowace milimita 58.25, tafiyar fistin milimita 65.5, jimla si-si 349, shi ake kira 350. To, wannan babur yana da wa, wanda ake kira 5TA, da aka fara fitarwa cikin 1959. Tafiyar fistinsu ɗaya ce, watau 65.5, sai dai faɗin silindar wan milimita 69 ne, jimla si-si 490, shi ake kira 500. Ni mutumin lissafi ne, ranar da na gane haka na kwana ina bugawa a takarda. Bambancin faɗin bai kai milimita 11 ba, bai kai kaurin ɗan yatsa ba, amma ya haifar da si-si 141, watau kashi biyu cikin biyar na dukan injin. Dalili kuwa shi ne, faɗin bakin turmi ana ninka shi ne da kansa. Ƙarfin ƙanen wajen doki 18 ne, na wan kuwa wajen 27. Na ce a raina, ashe dai abin da ya raba ni da doki tara ba shi wuce noti kaɗan.

Ba wata bukata ce ta sa ni ba. Gaskiyar magana, samari ne masu sababbin babura suke wuce ni a kan hanya, wani har ya waiwayo ya ce, "Baba, a matsa gefe!" Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ana nan sai na ji labarin wani mataccen 5TA a bayan gidan wani dattijo a wani gari, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Na je na sayi injin, na kuma aika Ingila aka kawo mini sababbin fistin da ringi da gaskit, gama har yanzu akwai masu ƙera kayan waɗannan tsofaffin babura a can. Albashina na wata uku ya tafi a nan. Ƙanena kuwa ban gaya masa kome ba. Na ce sai ya gani da idonsa.

Akwai wani tsohon makanike a garinmu wanda shi ke duba babur ɗin tun zamanin mahaifina. Na kwashi kayan na kai masa. Ya jujjuya su, ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce, "Ɗana, abin da kake so yana yiwuwa, an sha yi. Amma ka zauna in gaya maka abin da ke ƙasa, domin kai na sama kaɗai ka gani."

Ya ce da fari ƙusar da ke riƙe fistin na 500 ta fi ta 350 kauri, don haka dole a sake kwanrod, watau hannun da ya haɗa fistin da karanshaf. Ba a kuwa sake kwanrod sai an raba tukunyar inji biyu. Ya ce, "In an raba, aiki biyu na jiranka. A hannun dama karanshaf yana juyawa ne cikin bushi, ta cikin bushin nan kuma baƙin mai ke shiga ya isa ga kwanrod. In bushi ya cinye, mai zai zurare ta gefe. Sa'an nan a cikin karanshaf akwai wani bututu da aka yi domin ya tare dauɗar mai. Na san rabon da a buɗe na mahaifinka, tun ba a haife ka ba. Sai an fid da shi an wanke, an kai karanshaf wurin masu goga, an auna, an sa sabon bushi. Ƙaramin fistin yana lallaɓa tsohon ƙarfe, babba ba ya lallaɓawa."

Na ce, "Baba, wata nawa ke nan?" Ya ce, "Uku, in kaya sun zo da wuri." Na ce ni kafin Babbar Salla nake so, saura kwana ashirin. Ya ce, "To, ba da hannuna ba. Mahaifinka bai taɓa sa ni aikin gaggawa ba."

Na fita raina a ɓace, ina cewa tsufa ne ya sa masa tsoro. Na sami wani yaro makanike mai zafin nama. Don in faɗi gaskiya, shi ma da ya raba tukunya ya girgiza karanshaf ya ce, "Malam, bushin nan yana wasa." Ni na ce masa ya mayar haka nan, abin da ya yi shekara hamsin yana aiki ba zai mutu a wata ɗaya ba. Bututun dauɗa kuwa murfinsa ya ƙi kwantuwa, na ce a bar shi. Aka ɗora silinda da kan inji na 500, aka sa kafiretarsa, aka ɗaure. Ran jajibiri babur ya tashi.

Ba zan ɓoye maka ba, daɗin da na ji ran nan ba shi misaltuwa. Muryarsa ta yi kauri, in na murɗa sai in ji kamar an ture ni daga baya. Tudun da nake sauko wa giya ta uku, yanzu da ta huɗu nake haye shi. Amma na lura da abu biyu. Na ɗaya, karkarwa ta ƙaru har tafin hannuna yana ƙaiƙayi. Irin wannan inji fistin ɗinsa biyu tare suke hawa tare suke sauka, don haka kowane nauyi aka ƙara musu, sau biyu jikin babur ke jinsa. Na biyu, birki yana nan yadda yake, ba a ƙara masa kome ba, ga shi kuwa gudu ya ƙaru.

Sabon fistin yana son a bi shi a hankali mil ɗari biyar kafin a matsa masa. Wannan ma na sani. Amma kwana uku bayan Salla na kama hanyar garin da ƙanena yake, tafiyar mil sittin, ina ɗokin ya gani. Na yi wajen mil arba'in sai ga wasu samari biyu sun zo za su wuce ni. Shaiɗan ya ce murɗa, na murɗa. Na bar su a baya, har ina dariya. Ban ƙara mil biyu ba sai na ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin in saki mai sai na ji ƙara kamar an harba bindiga, ƙafar baya ta ƙulle, babur ya yi ta jan ƙasa. Allah ya taimake ni na damƙe kuloci, na gangara gefen hanya ban faɗi ba. Da na duba, baƙin mai ya wanke mini ƙafar hagu, ga guntun kwanrod ya huda tukunyar inji ya leƙo waje. Samarin nan da na tsere wa su suka tsaya suka taimake ni muka ɗora shi a motar itace.

Abin da ya fi ba ni baƙin ciki ba kuɗin ba ne. A jikin tukunyar nan ta hagu, ƙarƙashin silinda, a nan aka buga lambar inji, ita ce kuma lambar da ke cikin takardun mahaifina na 1962. Tsagar ta bi ta kusa da ita, ta ci lamba biyu na ƙarshe. Silinda ana saye, fistin ana saye, amma wannan ba a sayar da ita a kowace kasuwa.

Da na isa, ƙanena ya fito ya ga abin da aka sauke. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Yaya, ba ka ji ciwo ba?" Na ce a'a. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Amma da ka shawarce ni, ai rabinsa nawa ne." Bai ƙara kome a kai ba. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Na koma wurin tsohon makanike kaina a sunkuye. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya kwance injin a gabana, ya sa wuta ya fid da murfin nan da ya gagare mu, ya zaro bututun. A cike yake da dauɗa ta daskare kamar busasshen laka, sai 'yar ƙofa kamar ta allura ta rage. Ya ce, "Ka gani? Mai yana shigowa daga dama, na hagu shi ke samu daga ƙarshe. Bushi ya zubar da rabi, dauɗa ta tare rabi. Da ɗan abin da ke isa yake rayuwa shekara da shekaru, kai kuma ka ɗora masa kayan wansa."

Daga baya na bincika, na tarar ko masu ƙera baburan ba su tsira daga wannan doka ba. Kamfanin Norton ya fara injinsa mai silinda biyu da si-si 497 cikin 1949. Ya yi ta ƙara masa har ya kai 745 cikin 1962, a samfurin da ake kira Atlas. Karkarwa ta yi yawa, har da za su fitar da Commando cikin 1967 sai da suka ɗora injin a kan roba don kada ta isa ga mahayi. Kamfanin Triumph kuma, da ya ɗaga babban injinsa daga 649 zuwa 744 cikin 1973, bai tsaya ga faɗaɗa silinda daga milimita 71 zuwa 76 ba. Sai da ya ƙara ƙusa ta goma a kan inji, ya kuma sa sarƙa mai layi uku tsakanin inji da kuloci maimakon mai layi biyu. In waɗanda suka zana injin da hannunsu sun ga dole su ƙarfafa sauran jiki, ina ga ni da na koyi abin a takarda cikin dare ɗaya?

Gyaran ya ci shekara guda. Aka kai tukunya wurin mai walda na alminiyam ya ɗinke ta, aka ɗauki karanshaf na mataccen babur aka goge, aka wanke bututunsa, aka sa sabon bushi da sabon famfon mai, aka sake takalman birki. Da aka zo ɗora na sama, tsohon ya tambaye ni, "Wanne za a sa, 350 ko 500? Yanzu ƙasa za ta ɗauki kowanne." Na ce ba ni kaɗai ke da ta cewa ba. Na aika wa ƙanena, ya ce a mayar da shi yadda Baba ya bar shi. Aka nemo kwanrod ɗinsa na asali da na ajiye, aka mayar. Kayan 500 suna nan cikin akwati, na shafa musu mai na naɗe da tsumma.

Ban rubuta wannan don in hana kowa ƙara wa injinsa girma ba. Aiki ne halal, masu yinsa bisa ƙa'ida suna jin daɗinsa. Abin da nake cewa shi ne, wanda zai yi, ya fara daga ƙasa: ya duba karanshaf da bushi da hanyar mai, sa'an nan kafireta da kuloci da birki, silinda ita ce ta ƙarshe. Ya adana tsofaffin kayan, kada ya yar. In kuwa abin ba nasa ne shi kaɗai ba, ya nemi izini kafin ya ɗauki sifana.

Har yanzu ina hawan babur ɗin ran Juma'a. Samari suna wuce ni, ina matsa musu. Duk sa'ad da na sunkuya zan duba mai, sai idona ya faɗa kan tabon waldar nan kusa da lambar da ta ragu, in tuna da maganar mutanen da, wai garin neman gira akan rasa ido. Ni Allah ya rufa mini asiri, idon bai tafi duka ba. Allah ya sa mu iya riƙon amana, amin.