Kafin Ka Shiga Kurmin Boki

Ɗana, na ji kai da abokanka kuna shirin zuwa yawon buɗe ido a jihar Kuros Riba, ku sauka a Buanchor, ƙauyen nan na gindin dutsen Afi. Madalla. Fataucin goro ya zaunar da ni a Ikom lokacin ƙuruciyata, na kuwa san ƙasar Boki daidai gwargwado, don haka matso kusa ka ji.

Ka tafi da rani, tsakanin Nuwamba da Maris. Da ka bar kwaltar Ikom zuwa Obudu, sauran hanyar ƙasa ce, kuma in damina ta kankama laka takan kayar har da ɗan acaɓan da aka haifa a wurin. Ka riƙe gidan sauro, da maganin zazzaɓi, da takalmi rufaffe, da butarka.

In kun isa, kada ku zarce daji. Ku fara zuwa gaida mai gari, ku faɗi ko ku wane ne da abin da ya kawo ku. Mutanen nan suna da gonakin koko da ayaba, suna da wuraren da suke girmamawa waɗanda baƙo ba ya takawa. Yawancinsu Kirista ne. Ka nemi wurin salla cikin ladabi, za a nuna maka. Abin da ba ka ci, ka ce na gode ka bar shi, ba tare da yatsina fuska ba. Doya da ayaba da kifi sun ishe ka. Kada kuma ka ɗauki hoton kowa sai ka tambaye shi.

Sannan ka ɗauki ja-gora ɗan ƙauyen, domin da ɗan gari kan ci gari. Kurmi ba irin dajinmu na Arewa ba ne da kake hango nesa. A can rana tsaka ma duhu-duhu ne, taku kaɗan ka kauce sai gabas ta ɓace maka. Na taɓa bin wani dattijo cikin irin wannan kurmi, muna tafe sai ya riƙe mini hannu ya nuna ƙasa: jerin kwarkwasa ne baƙi ƙirin ya ratsa hanya, manyan suna tsaye a gefe da baki buɗe, ƙananan suna kwarara a tsakiya. Ni ban gan su ba sam. Ya ce in tsallake da faɗi, kada in tsaya kallo kusa. Ya kuma nuna mini ɓawon 'ya'yan itace da aka gatsa aka yar, ya faɗi irin birin da ya ci da kuma lokacin da ya wuce.

Yanzu ga maganar da na fi so ka riƙe. Gwamnatin jihar ta keɓe dutsen Afi a shekarar 2000, fili mai kimanin murabba'in kilomita 100, saboda goggon birin Kuros Riba, wanda aka kiyasta bai wuce 300 ba a duniya, tsakanin Najeriya da Kamaru. Kada ka sa rai za ka gan shi. Farauta ta koya masa gudun mutum. In ka yi sa'a, ka ga shimfiɗar rassan da ya lanƙwasa ya kwana a kai. Don haka kada ka matsa wa ja-gora, kada ka rage masa lada don ba ka ga abin da ka zo nema ba. Akwai birin dril mai baƙar fuska da ƙungiyar Pandrillus ke reno kusa da ƙauyen, shi kam za ka gan shi ido da ido. In ka ƙarasa garin Boje da magariba, ka ga tsattsewar da ke zuwa daga Turai ta rufe sama kafin ta faɗa ciyawar gangaren dutse ta kwana.

Ka san cewa wasu masu ja-gora da gadin dajin nan tsofaffin mafarauta ne. Mutumin da ya ajiye bindiga da tarkon waya yana da iyali, yana da kuɗin makaranta a wuyansa. In baƙi suka zo da abincinsu na gwangwani, suka kwana a Ikom, suka yi ta cinikin ladarsa kamar masu sayen tumatir, to me zai hana shi komawa tarko? Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin na ga dazuzzukan da aka sare aka loda a manyan motoci, ba su dawo ba.

Saboda haka ka kwana a ƙauyen, ka sayi abinci a hannun matansu, ka biya ɗan dako da ja-gora haƙƙinsu a hannu kafin guminsu ya bushe. Naman daji da za a miƙo maka a bakin titi kada ka saya, ko fata, ko jaririn biri a ɗaure. Ledarka da gorar ruwanka ka fito da su a jakarka. In za ku taho, ku koma ku yi wa mai gari sallama. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.