Busar Sarewa a Bakin Garaya

A ƙasar Minjibir, arewa da birnin Kano, gona na jingine da gona, da ƙyar a sami fegin da ba a noma ba. Saboda haka Fulani ba su cika sauka ba sai da kaka, shanu su ci kara su bar taki. Sa'an nan ne akan ji sarewa da dare.

Akwai wani tsohon makaɗin garaya da ya tashi da jin busar nan. Da ya ga makiyaya sun rage zuwa, sai ya ƙudura ya mai da taken kan garayarsa. Nan fa wuya ta zo. Mai sarewa yakan ja amo ɗaya muddin numfashinsa bai ƙare ba, tsirkiya kuwa da an taɓa ta sai amon ya mutu. Dabarar da ya samo ita ce ya riƙa kaɗa tsirkiya ɗaya da sauri ƙwarai, har kunne ya zaci amo guda ne mai tsawo. Haka masu mandolin, watau molon mutanen Italiya, su ke yi, ko da ya ke tsirkiyarsu takwas ce, tasa biyu.

Mafarauta, iyayen gidan garaya, suka ce ya mai da kiɗan maza na kiwo. Amma wani Bafillace da ya saurara ran kasuwa ya ce, "Baba, taken daidai ne, sai dai ban ji inda mai busa ke jan numfashi ba." Tun daga ran nan, in tsohon ya iso wurin, yakan ɗaga hannu ya yi shiru kaɗan.